Sarƙar Ranar Suna

Jumma'a, 2 ga Satumba 2011, bayan La'asar

Yakubu ya kira, kamar kowace Jumma'a. Lafiya lau, in ji shi. Ana ci, ana sha, ana jin ƙarar abin daga nesa. Na ce wane abin? Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai ma ka sani." Ƙanena ke nan. Ƴan Nijar da ke Sabha sun tattara sun koma gida tun farkon yaƙin Libiya, shi yana can yana tuƙa Haj Miftah zuwa masallaci.

Ni na kai shi can, kowa ya sani. Na daɗe ina yi wa Haj Miftah aiki kafin in ga Paris, jarin butik ɗin nan na Château Rouge ma daga hannunsa ya fito. Da zan taho ya ce in bar masa wani nawa, na bar masa Yakubu. A watan Yuni ya aiko mini da akwatunan ƙarfe uku ta Agadas, cikin kayan fatar da nake sarowa, ya ce ajiya ce. Fasfon Yakubu kuma ya ce zai riƙe masa saboda halin da ake ciki. A numfashi ɗaya ya faɗi biyun, ni ma haka na ji su.

Akwatunan suna Lyon, a ɗakin ajiya na ƙarƙashin gidan yayata Biba. Ni ban buɗe ba. Duk wanda ya tashi a kasuwar Damagaram ya san ba a tambayar abin da ke cikin ajiya, ba a kuma ba kowa ita sai mai ita.

Wani Balarabe ya shigo ɗazu, farin gemu, kwat ɗinsa ya yi masa yawa. Ya taɓa shadda kamar mai duba zazzaɓin yaro. Mai saye murza ta yake, ya kai kunne ya ji ƙararta. Wannan allon sunan butik yake karantawa.

Asabar, 3 ga Satumba, hantsi

Ya dawo. Doktor Faraj, likitan haƙori ne a Lyon shekara da shekaru. Yanzu sababbin masu mulkin Libiya sun ba shi takarda mai hatimi: ya bi sawun dukiyar mutanen tsohuwar gwamnati a nan Faransa, da kayan da aka kwashe daga gidajen jama'a. Manya suna otal suna maganar bankuna da jirage, shi an bar masa kasuwa. Na kawo kujera, na aika a kawo shayi. Muka yi Larabci. Ya ce Larabcina na kudu ne. Na ce wurin direbobi na koya.

Sai ya zaro hoto daga aljihu. Wuyan mace, babu fuska. Amma na san wuyan, na kuma san leshin, ni na yanka wa Yaya Biba shi don sunan jikanta. A wuyan akwai sarƙar zinariya mai faɗin tafin hannu, da jinjirin wata a jere.

"Ta mahaifiyata ce," ya ce. "A watan Afrilu aka shiga gidanmu. Dubi wannan na gefe, ya lanƙwashe. Ni na cije shi ina yaro. Haƙori sana'ata ce, Haj Mutari, na san nawa."

Ƙanwarsa ce ta je ƙunshin Sallah wurin wata mai lalle a unguwar Guillotière ta Lyon. Mai lallen ta kunna musu kaset ɗin suna su kalla kafin lalle ya kama. A farkon kaset ɗin kuwa, da manyan baƙaƙe masu walƙiya, ga sunan butik ɗina, ga adireshi, ga lambar waya. Ni na ce wa Ɗan Juma mai bidiyo ya sa, tunda ni na ɗauki nauyin aikin. Talla.

Na ce, "Doktor, matanmu ranar biki ba mai sa nata kaɗai. Aro suke yi. Wannan ta ara wurin waccan, waccan ta aro wurin wata da ta dawo daga Dubai. Kafin ka gano mai sarƙa sai ka zaga Faransa."

Ya ce yana da lokaci. Ya shanye shayin tas, ya gode.

Ban tambaye shi mahaifiyar tasa ba. Shi ma bai faɗa ba.

Lahadi, 4 ga Satumba, Azahar

Ni ban buɗe ba.

Litinin, 5 ga Satumba, cikin jirgin ƙasa daga Lyon, gab da Magariba

"Aro na yi," Yaya Biba ta ce, ko kai ba ta ɗaga daga tukunya ba. "Da safe na ɗauka, kafin in kwanta na mayar. Ko turarena bai kama ta ba."

"Yaya, ajiyar mutum ce."

"To haɗiyewa na yi? Jikana na fari. Dangin mijin ɗiyata Raihana sun zo daga Marseille kowacce kamar shagon maƙeri, ni uwar mai jego in fito da wuya kamar kazar da aka fige? Kai ne ka sa kwaɗon da ko cokali ya buɗe shi."

"Da cokali kika buɗe?"

"Da wuƙa."

Ni ban ga sarƙar ba ranar suna. Ina zan gan ta? Mu maza a falo muka yi fatiha da safe, aka raba goro da dabino, aka raɗa wa yaro Yakubu, na kama jirgin rana na koma kasuwa. Abin da mata suka yi a zauren da suka kama haya, sai Allah sai Ɗan Juma.

Na ce kada ta gaya mini abin da ke ciki. Ta gaya. Awarwaro, zobba, ƴan kunne, duk a zube, kamar an share su da tsintsiya an juye. "Har da na yara, Mutari. Awarwaro ƴan mitsi-mitsi. Ƴan kunnen kuma da yawa ɗai-ɗai ne, ba su da ƴan'uwa." Nan ta daina motsa miyar. Ta ce shuɗin akwatin kaɗai ta buɗe, sarƙar tana sama.

Na ce a bi gida-gida a karɓo kaset ɗin. Ta ce, "Na nan a karɓo. Na takwara fa?"

Yaro ya ci sunan Yakubu, takwara shi ake fara aika wa. Ni da hannuna na naɗe kaset ɗin a cikin sabuwar hula, na ba wani ɗan garinmu Bukari da zai je gida Sallah, na ce ya ba direban Agadas mai shiga Sabha. Ban kalla ba. Wa zai zauna ya kalli mata suna cin shinkafa?

Yakubu kuwa na san halinsa. Abin farin ciki ba ya kallonsa shi kaɗai. Babbar talabijin tana falon Haj Miftah.

Talata, 6 ga Satumba, da safe

Na samu Bukari a waya. Gaisuwa ta ƙi ƙarewa, ina iyali, ina kasuwa, ina sanyin Turai. Da na tambaya ya ce, "Alhaji, ka kwantar da hankalinka, saƙonka ya tafi. Hannu da hannu na ba Yelwa direba, na ce masa amana ce, ko zai rasa taya kada ya rasa ta." Yana jiran in yaba masa. Na yaba masa.

Wayar Yelwa ba ta shiga. Bukari ya ce mota ba ta tashi sai ta cika, kuma yanzu masu shiga ba su da yawa, duk fitowa ake. Wataƙila tana nan a tasha. Wataƙila.

Laraba, 7 ga Satumba, rufe butik

Wata ƴar Mali ta ce awona ya gaza. Na ƙara mata ban yi gardama ba. Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Alhaji, lafiya kuwa?"

Jumma'a, 9 ga Satumba, bayan La'asar

Ya kira. Da wayar gidan yake kira, kuma kullum akwai wani a gefensa. A Sabha rabin kasuwa na jin Hausa, don haka magana sai da awo.

Na ce, "Akwai hular da na aiko maka. An yi kuskure, ba taka ba ce. In ta zo kada ka kwance, ka ajiye yadda take."

"Ko dai ka fasa ba ni ne, Yaya? Rowar Paris ta kama ka."

"Ta yi maka kaɗan."

"Kaina bai ƙaru ba. Yunwa ma ta rage shi."

"Yakubu, ka ji abin da na ce."

"Na ji. Ina takwarana? Sun ce da kaset. Na gaya wa Maigida ma, ya ce tare za mu kalla."

Na ji wani ya yi dariya kusa da shi. Sai layin ya yanke, ko aka yanke.

Litinin, 12 ga Satumba, bayan Azahar

Doktor Faraj ya kai ni shan kafe wajen Barbès. Ya ce ya nemi hukumar nan ta ba da takardar bincike. Za ta ɗau lokaci, amma za ta fito, kuma sunan Hajiya Biba ne a kanta. Na ce Hajiya mace ce mai hawan jini. Ya ce ya sani, shi ya sa ya fara zuwa wurina.

Sannan ya ce, "Ƙanenka yana gidan Miftah."

Ban taɓa ambata masa Yakubu ba, balle Miftah. Ya ga fuskata ya ce, "Zabiyarku ce ta faɗa a lasifika. Na sa an fassara mini. Takwaran Yakubu na Sabha, direban Haj Miftah mai motoci. Sau biyu ta faɗa, aka yi mata liƙi."

Wai mutanensu suna gangarawa kudu. In sun shiga Sabha, duk baƙin mutumin da suka samu a gidan irin Miftah ba za su tsaya tambayar ko direba ne ba, sojan haya za su ce. In na nuna masa kayan, zai aika sunan Yakubu ga masu riƙe da hanya. "Ban ce za su karanta ba," ya ce. "Yara ne da bindiga. Wasu ma ba su san da ni ba."

Mai sayarwar da ke faɗin aibin kayansa da bakinsa, ban san yadda ake ciniki da shi ba.

In na ba shi, Miftah ya ji kafin Yakubu ya ɗaure takalmi. In na hana, takarda ta zo ta kwashe, Miftah ya ji duk da haka. Na ce masa na ji ƙishin-ƙishin akwai wata kwantena a Marseille, ta wani ɗan Chadi. Na ba shi suna mai kama da gaske. Ya rubuta, ya biya kafen.

Laraba, 14 ga Satumba, da safe

Na tarar da kwalin dabino a bakin ƙofar butik. Babu suna. Dabinon Fezzan ne, yankin Sabha, busasshe, irin wanda muke ci a gidan Miftah da shayi. Ba a sayar da shi a Château Rouge, na san kowane shago.

Maƙwabcina mai nama ya ci, ya ce akwai daɗi. Na ba shi duka.

Alhamis, 15 ga Satumba, La'asar

Yelwa ya tashi tun makon jiya, in ji ƴan tasha.

Jumma'a, 16 ga Satumba, bayan La'asar

Kafin a yi magana na ji kiɗan. Kalangu da guɗa, da muryar zabiya tana kiran sunan Biba. Daga falon Sabha, a cikin kunnena, ina tsaye tsakanin shadda da atamfa.

"Haj Mukhtar," ya ce. Haj Miftah ne, shi kaɗai ke kirana haka. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi lafiyata, ya yi barka da ƙaruwa, ya yi wa yaro addu'a Allah ya raya shi. Ya ce biki ya yi kyau, mutanenmu sun iya taro. Sai ya ce, "Hajiya ma ta yi kyau. Wuyanta ya karɓe ta."

Na ce, "Maigida, ni ban buɗe ba."

"Na yarda. Kai ɗan kasuwa ne, ba ka buɗewa. Amma kayana sun shiga talabijin, Haj Mukhtar. Wa kuma ya gani?"

Na ce mata ne kawai. Zabiya ta gama baiti. Sannan ya ce zai aiko mutum jibi ya kwashe duka, in an kwashe za a duba maganar Yakubu.

Za a duba. Na san wannan kalmar, ni ma da ita nake sallamar mutane.

Baki ya san aikinsa. Na ce akwati uku ba sa fita daga gida rana ɗaya, mai gadin gidan Bafaranshe ne mai ido, kuma akwai wanda ke yawo da hoto. Ɗaya-ɗaya za a yi. Na fari ranar da Yakubu ya bar Sabha da fasfonsa a aljihu. Na biyu in ya kira ni daga Gatrun. Na uku in na ji muryarsa daga Dirku, cikin ƙasarmu.

Ya yi dariya sosai. Ya ce, "Ni na koya maka wannan."

Ya ba Yakubu wayar. Muryarsa ta canza. Ya ce, "Yaya, hular ta yi mini daidai."

Lahadi, 18 ga Satumba, Lyon, bayan Azahar

Mutumin Miftah dogo ne, da farar mota irin ta masu kai kaya. Bai yi sallama ba. Yakubu ya kira da wayar hamada mai aiki da tauraron ɗan'adam, iska na kaɗawa a bayansa, ya ce sun fita daga gari, fasfo yana jikinsa. Na ce su wa da wa? Ya ce mutane ne.

Muka sauka ƙasa. Dogon ya ɗaga akwatin ya ji nauyinsa, ya fasa kwaɗon, ya tura hannu ya ɗan motsa abin da ke sama, ya rufe. Ni bango nake kallo. Ƙarar kaɗai na ji, kamar ana zuba tsakuwa a kwano.

Koren akwatin na ba shi. Shuɗin na ture can ƙurya.

Yaya Biba ba ta sauko ba. Da na hau na tarar ta dafa abincin da ya ishi mutum goma.

Litinin, 19 ga Satumba, hantsi

Doktor ya kira daga Marseille. Babu ɗan Chadi mai wannan suna. Na ce ƙila da sunan matarsa ya yi takardun. Ya ce, "Ƙila." Ya ce iskar teku ta yi masa daɗi, ya gode.

Da ma zagina ya yi.

Talata, 20 ga Satumba, Lyon, La'asar

Gatrun. Yakubu ya ce ruwa ya yi ƙaranci amma suna lafiya. Na biyu ya tafi.

Saura shuɗin. Saura Dirku.

Alhamis, 22 ga Satumba, Magariba

Talabijin ta ce an shiga Sabha. Yara a kan motoci suna harbi sama. Na tsaya a shagon aski ina duba fuskokin waɗanda aka zaunar a ƙasa, hannu a ka. Kyamara ba ta tsayawa a kansu.

Ai ba ya Sabha. Ya wuce Gatrun. Na gaya wa mai askin haka, shi kuwa bai tambaye ni ba.

Jumma'a, 23 ga Satumba, bayan La'asar

Bai kira ba.

Asabar, 24 ga Satumba, bayan Azahar

Lambar Dogo a kashe. Lambar gidan Sabha ba ta ko ƙara. Wayar hamadar tana cewa wani abu da Turanci.

Na je Montreuil, gidan ƴan ci-rani, inda labari ke riga rediyo isowa. Wani ya ce an kashe Miftah a ƙofar gidansa. Wani ya ce an kama shi cikin kayan mata. Wani tsoho ɗan Tawa ya ce an tare hanyar kudu, duk motar da ta zo ana sauke baƙaƙe a ware su gefe. Na ce a kai su ina? Ya ce, "Alhaji, ka sha furarka."

A kan abu ɗaya dai bakinsu ya zo ɗaya: Miftah ya ƙare.

In ya ƙare, ajiya ba ta da mai ita. In Yakubu yana hannun yaran can, mutum ɗaya ne a Faransa da takardarsa za ta iya kaiwa gare su.

Lahadi, 25 ga Satumba, Asuba

Waya tana caji. Na duba, tana caji.

Talata, 27 ga Satumba, Lyon, bayan La'asar

Na kai Doktor Faraj ɗakin ajiya. Ya zo da wata Bafaranshiya ta hukuma da wani mai ɗaukar hoto. Ya dubi shuɗin akwatin, ya dubi ƙasa inda ƙura ta zana gurbin biyu.

"Ina sauran?"

"Su na sayi hanya da su, Doktor."

"Ba naka ba ne."

"Yakubu nawa ne."

Aka buɗe. Wannan karon ma bango na kalla, amma shi na gan shi ta gefen ido. Ya ɗauki sarƙar, ya sa babban yatsa a kan jinjirin watan da ya lanƙwashe, ya daɗe a haka. Na ce, "Ta rasu ne?" Ya ce tana da rai. Tun Afrilu ba ta yi magana ba.

Ko ita ba su bar shi ya tafi da ita ba. Aka mayar, aka ɗaure akwatin da igiya, aka ɗiga jan kaki aka buga hatimi. Sai shari'a ta gama.

A gabana ya yi waya har wurare uku. Ya faɗi sunan Yakubu, da na mahaifinmu, da tabon da ke haɓarsa. Ya ce ɗan'uwan mutumin kirki ne. Yana faɗa yana kallona.

Matar ta ce Hajiya Biba za ta zo ta yi bayani, amma tunda mu muka kawo da kanmu, abin zai zo da sauƙi. Yaya ta ce, "Merci, Madame," ta raka su har bakin titi kamar baƙin suna.

Alhamis, 29 ga Satumba, Azahar

Doktor ya ce ba a same shi a Sabha ba, ba a same shi a Gatrun ba. Ya ce wannan ba mugun labari ba ne. Bai ce mai kyau ne ba.

Jumma'a, 30 ga Satumba, bayan La'asar

Waya ta yi ƙara. Na zubar da almakashi.

"Yaya."

Muryar ta bushe kamar ta tsoho, amma shi ne. Na zauna a kan bandir ɗin shadda. Ya ce mota ta lalace musu, sun bar hanya saboda shingaye, sun yi kwanaki a wata rijiya. Na ce ina ne? Ya ce bai sani ba, duwatsu ne da rairayi, an ce Dirku ba nisa. Ya ce, "Takwarana ya fara dariya?" Na ce ya fara, har da ƙyaƙyatawa. Ban sani ba ko ya fara.

Na ce ya nemi sojojinmu, ko wace mota ya gani ya hau.

Ya ce, "Yaya, ni ke tuƙi. Maigida yana nan. Tare muka fito tun ranar farko, shi da yaransa. Ga shi."

Gaisuwar ba ta yi tsawo ba yau. Ya ce hanya ta yi wuya, amma Yakubu direba ne na gaske, ba zai so rabuwa da shi ba. Ya ce mutuminsa ya canza lamba, zai zo Lyon ranar Litinin da hantsi. In ya ɗauka ya duba, za a sauke Yakubu inda zai hango fitilun Dirku.

"Saura ɗaya, Haj Mukhtar. Yana nan?"

Na ce yana nan yadda ya bar shi.

Asabar, 1 ga Oktoba, Lyon, Azahar

Na kira Doktor. Akwatin ya shiga hannun hukuma, ko shi ba ya iya ganinsa. Ya ce a sanar da ƴan sanda su kama Dogon. Na ce in Dogo bai kira su a rijiyar ba ranar Litinin fa? Ya ce, "Ka yi haƙuri." Na ce ya gaida mahaifiyarsa.

A Guillotière akwai Ba'aljeren da ke sayar da akwatunan ƙarfe na masu komawa gida. Na samu shuɗi. Na goga shi da bango, na zuba masa ƙura, na saya masa kwaɗo mai arha. A shagon kayan gini na sayi kusoshi da notina har nauyi ya kai yadda hannuna ya tuna. Na shimfiɗa baƙin ƙyalle a kai.

Dogo ba ya tonawa har ƙasa. Sau biyu na saurare shi: ya ɗaga, ya buɗe, ya motsa na sama. Wanda ya yi tallan tumatir yana yaro ya san inda ake sa manyan. Amma sai akwai manyan.

Wannan akwatin kam ni na buɗe shi.

Lahadi, 2 ga Oktoba, bayan La'asar

Yaya Biba ta fara da nata. Ta cire awarwaron da ta sayo a Makka, ta zuba. Sarƙar aurenta, zobba, har ɗan kunnen Inna da ta rantse sai dai a binne ta da shi. Raihana tana shayar da yaro, ta miƙo wuya aka ɓalle mata tata da hannu ɗaya.

Ƙyallen yana nan baƙi ƙirin, zinariyar ta taru a tsakiya kamar abincin kyanwa.

Yaya ta dube shi, ta ɗaura ɗankwali, ta ja waya. Tun Azahar take kira. Matan Damagaram, matan Maraɗi, dangin mijin Raihana na Marseille waɗanda za su kamo jirgin yamma. Aro, kwana biyu ta mayar. Ba wadda ta hana, ai ba a hana aron biki. Suna ta kawowa a ƙulle cikin hankici, suna tsokanarta, wai Hajiya za ta sake kashe mu da ado. Ta yi musu dariya, ta ba su lemo, ta raka su ƙofa. In ƙofa ta rufe sai ta miƙo mini ba ta kalle ni ba.

Na ce, "Yaya, ranar Laraba me za ki ce musu?"

Ta ce, "Ka baza na gefen can, ana ganin ƙyallen."

Na baza. Har yanzu ana gani, ta kusurwa biyu.

Ta sake ɗaukar waya. Ina jin ta daga nan.

"Kadidiatou? Ina wuni, ina gajiya, ina yara. Wannan babbar taki ta Dubai, tana kusa? Eh, biki ne. Na ƙanena."